Jingar shahararrun mutane a ajinmu: yadda ta watse da farko, da yadda muka sake ɗaura ta

Ni malamin darasin zamantakewa ne a wata makarantar al'umma da ke bakin garin Kano, irin wadda mutanen unguwa suka haɗa kuɗi suka gina da kansu, maza gefe mata gefe amma aji ɗaya. Abin da zan kawo ya faru ne a zango na biyu da 'yan aji biyu na ƙaramar sakandare, yara 58, yawancinsu daga shekara 12 zuwa 14. Na ga ya kamata in rubuta shi dalla-dalla ne saboda malamai da yawa muna ba da irin wannan jingar, a ce wa yaro je ka zaɓo wani shahararren mutum ka zo ka yi mana bayaninsa, kuma kusan kowa yana ɗaukar zaɓen sunan a matsayin ƙaramin abu da za a bar wa yaro, alhali wallahi a wajen zaɓen nan ne aikin yake gyaruwa ko ya lalace.

Darasin da muke kai a lokacin shi ne sana'o'i da amfaninsu ga al'umma. Sai na ce kowa ya zaɓi mutum ɗaya da ya yi fice a sana'arsa, ya rubuta tarihinsa a kan kwali, ya liƙa hoto in ya samu, bayan sati biyu ya fito gaban aji ya yi bayani na minti uku. Ban sa wani sharaɗi ba. A tunanina in na sakar musu mara kowa zai kawo wanda yake so kuma za mu ga sana'o'i kala-kala.

Ranar da aka kawo, yara 19 Dangote suka kawo. Maza wajen goma sha biyar 'yan ƙwallo, rabinsu ma na Turai. 'Yan mata kusan duk taurarin fim ɗin Hausa. Sauran kuma 'yan siyasa, kowa da wanda gidansu yake bi. Babu manomi ko ɗaya, babu malami, babu likita, babu maƙeri, a ajin da na san iyayen fiye da rabinsu da noma da ƙananan sana'o'in hannu suke ciyar da su. Kuma kwalayen Dangoten nan guda 19, goma sha ɗaya daga ciki kalma da kalma iri ɗaya ne, don shago ɗaya suka je mai kwamfuta ya buga musu daga intanet ya yi fotokwafi ya karɓi kuɗinsa. Wani yaro ya tsaya yana karanta turancin da ke jikin takardarsa yana tuntuɓe, na ce masa tsaya, faɗa min da Hausa me ka karanta yanzu, sai ya sunkuyar da kai. Abin ya taɓa min zuciya, don yaron nan yana da ƙwaƙwalwa, kuɗin karin kumallonsa ya kai wa mai shagon, kuma bai ƙaru da komai ba.

Sai na yi musu tambaya guda ɗaya, na ce duk wanda ya kawo Dangote ya faɗa min da me ake yin siminti. Shiru. Sun san shi ne mai kuɗin Afirka, wasu sun haddace cewa an haife shi a Kano a 1957, amma ba wanda ya san cewa wani farin dutse ake fasawa a niƙa a ƙona a wuta mai tsananin zafi kafin ya zama simintin, ko cewa babbar masana'antar tana Obajana a jihar Kogi saboda a can dutsen yake. Suna da dukiya kawai suka sani, aikin kuwa ko oho. Haka 'yan ƙwallon, sun san motar ɗan wasa da albashinsa amma ba su san sau nawa yake atisaye ba.

Abin bai tsaya nan ba. A lokacin tara, yara biyu da suka kawo 'yan siyasa masu hamayya da juna suka fara cacar baki, ɗaya ya ce naka ɓarawo ne, ɗayan ya yaga masa kwali, aka ba hammata iska har riga ta yage. Washegari da sassafe sai ga mahaifin wanda aka yaga wa riga, dattijo ne mai sayar da hatsi, ransa a ɓace. Ya ce min, Malam, karatu na kawo yarona ko kamfen? Na ce Baba ka yi haƙuri, kuskuren daga wajen tsarin da na yi ne, kuma in sha Allahu zan gyara. Shugaban makaranta ya kira ni ofis ya ce ko dai a soke jingar baki ɗaya ko a canza mata fasali. Na ce ranka ya daɗe a ba ni sati ɗaya.

A satin nan na zauna da abokan aiki biyu, malamar kimiyya da malamin Hausa, a ƙarƙashin darbejiyar da muke shan iska bayan an tashi, kwana uku muna ja-in-ja. Abu na farko da muka yarda a kai shi ne mu juya tsarin, a fara da sana'a sannan a nemo mutum, maimakon a fara da mutum. Yaran da kansu za su lissafo sana'o'in da suke gani daga ƙofar gidansu zuwa makaranta, mu rubuta a allo, sannan mu malamai mu nemo wa kowace sana'a mutum biyu ko uku da suka yi fice a cikinta, rukuni ya zaɓi ɗaya. Na biyu, babu ɗan siyasar da yake raye yana neman kujera ko yana kanta. Na uku, wanda ni na fi nacewa a kai, duk mutumin da za mu sa sai ya zama akwai wani abu na aikinsa da yaro zai iya nunawa da hannu ko ya bayyana yadda ake yi, ba ranar haihuwa da ranar rasuwa kaɗai ba. Sannan malamar kimiyya ta kawo shawarar da daga baya ta zama ƙashin bayan aikin, ta ce kowane rukuni ya je ya samu wani a unguwa da yake wannan sana'ar yanzu haka, ya zauna da shi ya tambaye shi yadda yake yi, sai a haɗa bayanin shahararren da na ɗan unguwa a kwali ɗaya.

Inda muka fi daɗewa muna gardama shi ne maganar na gida da na waje. Malamin Hausa ya ce shi dai a tsaya kan mutanenmu, yaro ya san nasa tukuna, ya gaji da jin yara suna kawo sunayen Turawa kamar mu ba mu taɓa haifar kowa ba. Malama ta ce ta yarda, amma in aka rufe ƙofa gaba ɗaya za a koya wa yara cewa alheri a gidanmu kaɗai yake, kuma akwai sana'ar da wanda ya fi dacewa a nuna ba Bahaushe ba ne. Ni na fi karkata wajenta. Mun tsaya a kan cewa yawanci su zama na kusa, waɗanda yaro zai iya jin sunan garinsu ya gane, amma a bar gurbi ga 'yan kudu da maƙwabtan ƙasashe. Kuma muka ƙudurta mata ba za su gaza kashi ɗaya cikin uku ba, don abin da na gani a zagayen farko ya nuna min 'yan matan nan ba su taɓa jin wata mace da ta shahara a wani abu ba in ba a fim ba.

Ranar Litinin na shiga aji da takardun kuɗi a aljihu, na fito da naira ashirin na ɗaga na ce wane ne wannan. Duk aji suka ce Murtala. Na juya bayanta na ce wannan fa? Aka yi tsit. Wata yarinya daga bencin baya ta ce Malam mai tukwane ce. Na ce sunanta fa? Ba wanda ya sani, kuma kullum kuɗin nan yana hannunsu suna sayen awara da shi. Na miƙa takardar tana zagayawa benci-benci, suna kusanto da ita ido, suna ganin matar a zaune ta sunkuya kan tukunya, har wani ya hango ƙananan haruffan ya karanto, Ladi Kwali. Sai dariya ta ɓarke wai sunanta kwali irin wanda suke rubutu a kai, na ce a'a, Kwali sunan garinsu ne a ƙasar Gwari, yanzu yana cikin yankin babban birnin tarayya. Na ba su labarinta a taƙaice, yadda ta koyi ginin tukwane tun tana yarinya a hannun 'yar'uwar iyayenta, yadda take zana kunama da ƙadangare da kada da kifi a jikin tulu, yadda Sarkin Abuja Sulaimanu Barau yake tara tukwanenta a fada, har wani Bature mai suna Michael Cardew ya gani, a 1954 ta shiga cibiyar koyon tukwanen da ya buɗe ta zama mace ta farko a wurin. Abujar da ake nufi ita ce Suleja ta yanzu. Ta je Ingila da Jamus da Amurka tana gina tukunya a gaban jama'a, Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya ta ba ta digirin girmamawa na dakta a 1977, ta rasu a 1984. Yarinyar da ta ce mai tukwane ce, sai bayan an tashi ta biyo ni a hankali ta ce Malam kakata ma tana yi, amma ba na faɗa saboda kar a yi min dariya. Nan take na san ita ce shugabar wannan rukunin.

Na fito da dubu ɗaya ma, nan kam ko ni sai da na yi shekaru ina kashe ta kafin na kula da sunayen, Aliyu Mai-Bornu da Clement Isong, dukkansu tsofaffin gwamnonin babban banki, Mai-Bornu shi ne ɗan ƙasa na farko da ya riƙe kujerar a 1963. Daga nan sai yaran suka gane abin da nake nufi, akwai waɗanda suka shahara saboda aikin da suka yi ko da ba a ganin su a waya kullum.

Mun raba su rukuni goma, aka rubuta sana'o'in a 'yan takardu aka nannaɗe aka zuba a hula, kowane rukuni ya ɗauka, sai na tukwane kaɗai na ware. Ƙuri'ar nan ta rage rigima sosai don ba wanda zai ce Malam ya yi son kai.

Rukunin da noma ya faɗo musu, maza shida, kamar su yi kuka. Ɗaya ya ce Malam ai manomi ba ya shahara, a canza mana. Na ƙi. Na ba su sunan Yacouba Sawadogo, manomi daga yankin Yatenga a arewacin Burkina Faso, wanda bayan farin shekarun 1970 da 1980 lokacin da mutane ke gudu daga ƙauyuka shi ya tsaya ya ɗauko tsohuwar dabarar da suke kira zai, wadda a Nijar ake ce wa tassa, ya inganta ta. Tun da rani ake haƙa ƙananan ramuka a faƙo, ƙasar da ta ƙeƙashe har ruwa ba ya shiga, a zuba taki a ciki, gara ta biyo takin ta huda ƙasar ta yi hanyoyi, in damina ta sauka ruwa ya taru a ramin ya nutse maimakon ya gudu, sai a shuka gero ko dawa ko itace a ciki. Da wannan ya mayar da fili tsirara daji mai kusan hekta 40, aka ba shi lambar yabo ta duniya a ƙasar Suwidin a 2018, ya rasu a ƙarshen 2023. Yaran nan da suka ce ba sa so, su suka fi kowa zaƙewa daga baya. Bayan ajinmu akwai wani faƙo da ko ciyawa ba ta fitowa, suka aro fartanya da diga suka haƙa ramuka shida, suka kawo takin awaki a buhu daga gida, suka riƙa zuba ruwa bokiti ɗaya a ramin, bokiti ɗaya a kan faƙon da ba a taɓa ba, aji ya zagaye su yana kallo, na faƙon ya malale ya bi gangare, na ramin ya zauna ya nutse. Da suka je wajen wani tsohon manomi a unguwa don tambayoyinsu, ya ce musu ai shi ma yana yin irin wannan a gefen gonarsa mai tsauri, a wajen mahaifinsa ya gani, bai dai san har lambar yabo ake bayarwa a kai ba. Yaron da ya ce manomi ba ya shahara shi ya ba mu wannan labarin da bakinsa, yana faɗa yana murmushi.

Rukunin tukwane kuma malamar kimiyya ta haɗa musu da wani suna na biyu, Mohammed Bah Abba, malami daga Jigawa wanda ya fito daga gidan masu ginin tukwane, ya yaɗa dabarar sanya tukunya cikin tukunya don adana kayan miya ba tare da wutar lantarki ba, har kamfanin Rolex ya ba shi kyauta a shekarar 2000. Ƙaramar tukunya ake sawa cikin babba, a cika tsakaninsu da yashi a jiƙa shi, a rufe da jiƙaƙƙen tsumma, ruwan yana tsattsafowa ta jikin babbar yana bushewa yana tafiya da zafin, ciki ya yi sanyi, irin dai yadda ruwan randa yake sanyi. Kakar yarinyar nan ita ta ba su tukwanen biyu kyauta. Suka ajiye a lungun aji, suka sa alayyafo da tumatir a ciki, suka bar irinsu a kan taga. Lokacin iska a bushe take, wanda shi ne abin da dabarar ke so. Washegari alayyafon taga ya yi laushi ya kwanta, na cikin tukunya kwana uku yana nan da ransa. Kullum da safe kafin a shiga aji sai ka ga an yi layi ana tura hannu ciki ana cewa kai, da gaske fa akwai sanyi.

Wajen likitanci ne aka ɗan samu saɓani. Na ba su sunaye biyu, Dakta Barau Dikko na Wusasa a Zariya, likitan zamani na farko daga Arewa, wanda asibitin koyarwa na Kaduna yake ɗauke da sunansa, da Dakta Stella Adadevoh ta Legas. Rukunin suka rabu, wasu na cewa namu za mu ɗauka. Na ce su je su karanta duka biyun su dawo su faɗa min wanda za su fi iya bayyana aikinsa. Suka dawo da Adadevoh, saboda labarinta yana da abin kamawa, a watan Yulin 2014 wani matafiyi daga Laberiya ya sauka Legas ba shi da lafiya, ta yi zargin Ebola ce, aka matsa mata lamba ta sallame shi ta ƙi, ita kanta ta kamu ta rasu ranar 19 ga Agusta, kuma ranar 20 ga Oktoba Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce Najeriya ta fita daga annobar, mutum 20 suka kamu 8 suka rasu a ƙasa mai miliyoyin jama'a. Wata yarinya a rukunin ta ce Malam da ta bar shi ya fita da ƙila har Kano ta zo. Sun yi hira da wata ma'aikaciyar jinya a ƙaramin asibitin unguwa, ta nuna musu yadda ake sa safar hannu da yadda ake cire ta ba tare da bayanta ya taɓa fata ba, suka zo suka nuna mana. Dikko kuma ba su yar da shi ba, sun ba shi kusurwa guda a kwalin.

Na kasuwanci, waɗanda yawancinsu 'yan Dangoten zagayen farko ne, na ce su koma baya zuwa Alhassan Dantata, wanda aka haifa a Bebeji a 1877 ya rasu a 1955, ya fara da fataucin goro ta hanyar Gwanja, da layin dogo ya iso Kano a 1911 kuma cinikin gyaɗa ya buɗe ya zama babban mai saye, zamanin dalar gyaɗa kenan. Da suka gano cewa mahaifiyar Dangote jikar Dantata ce ta wajen Sanusi Dantata sai murna, suka zana bishiyar zuri'a, suka kuma zana taswirar hanyar goro da ta gyaɗa. Ɗan unguwar da suka zaɓa su yi hira da shi kuwa, dattijon nan mai hatsi ne da ya zo ƙorafi, don ɗansa yana cikin rukunin.

Sauran zan ɗan gaggauta. Zane da ƙere-ƙere suka ɗauki Jelani Aliyu, ɗan Sakkwato da ya yi karatun zanen gine-gine a kwalejin fasaha ta Birnin Kebbi kafin ya tafi Amurka ya yi aiki da kamfanin General Motors ya zana motar Chevrolet Volt, kuma wani yaro da kullum nake kama shi yana zanen motoci a bayan littafi ranar ce ta farko da zanensa ya jawo masa maki. Shari'a suka ɗauki Mai shari'a Aloma Mariam Mukhtar, mace ta farko da ta zama alƙalin alƙalan Najeriya daga 2012 zuwa 2014. Kimiyya suka ɗauki Abdou Moumouni, haifaffen Tasawa a Nijar a 1929, masanin makamashin rana da jami'ar Yamai take ɗauke da sunansa, suka yi hira da mai haɗa sola a bakin titi. Ƙwallo ban hana ba, sana'a ce, suka ɗauki Ahmed Musa, ɗan Jos da ya taka wa Kano Pillars leda, ya ci Ajantina biyu a gasar kofin duniya ta 2014 ya ci Iceland biyu a 2018, sharaɗin dai sai sun je wajen kocin yaran unguwa sun ji me ake yi a filin atisaye.

Amma akwai matsalolin da dole in faɗa, don ba komai ne ya tafi sumul ba.

Rukunin koyarwa, 'yan mata biyar da namiji ɗaya, Nana Asma'u 'yar Shehu Usmanu Ɗanfodiyo suka zaɓa, wadda aka haifa a 1793 ta rasu a 1864, ta yi rubutu da Larabci da Fulatanci da Hausa, ta kafa tsarin 'yan taru inda take horar da jajis, mata dattijai da take naɗa wa malfa, su shiga ƙauyuka suna koyar da mata 'yan'uwansu. Sun yi aiki mai kyau ƙwarai, har malfa suka aro. Sai ga shi sun liƙa wani hoto da suka samo a waya, wata mata da lulluɓi, an rubuta wai ita ce. Na ce su cire, babu hotonta na kyamara, duk abin da suka gani ko zane ne ko hoton wata daban. Ba su ji daɗi ba, ɗaya ta ce amma Malam a intanet fa muka gani. Wannan maganar ta sa na dakatar da komai na ɗauki darasi guda cur a kan yadda ake tantance abin da aka gani a waya, wa ya rubuta, daga ina ya samo, akwai wani wuri na biyu da ya faɗi haka. Su ma 'yan tukwane sun ci karo da irin wannan, shekarar haihuwar Ladi Kwali wuri-wuri daban, na ce su rubuta wajajen 1925, don a zamanin ba a rubuta haihuwa a ƙauye, kuma faɗin wajajen ya fi ƙirƙirar rana.

Sai kuma rukunin ƙira. Yara sun sa ƙira a jerin sana'o'i, kuma da gaskiyarsu, fartanyar da 'yan noma suka yi haƙa da ita ma daga maƙera ta fito. Mu uku muka yi ta nema mu samo maƙeri guda da aka rubuta tarihinsa yadda yaro zai karanta, ba mu samu wanda hankalinmu ya kwanta da shi ba. Malamin Hausa ya ce wannan shi ne ciwon, sarakuna da malamai da attajirai an rubuta su, masu aikin hannu kuwa sai dai a ce maƙeran gari kaza, ba suna. Dole muka bar rukunin suka yi aikinsu kacokan a kan wani tsohon maƙeri na unguwa, suka zauna a maƙerarsa yini guda, ɗaya har zuga-zugi ya ja masa, suka zo da sunayen kayan aiki, uwar maƙera da masaba da awartaki, da yadda yake gane ƙarfe ya nuna daga launinsa. A ganina kwalinsu yana cikin uku mafi kyau, amma yaran sun ji kamar an rage musu wani abu tun da kowa yana da shahararre su ba su da shi, kuma har yau abin yana damuna.

Akwai maganar kuɗi ma. Na hana bugun kwamfuta gaba ɗaya, komai da hannu, kwali da maka makaranta ta saya, amma binciken kansa yana son waya da data, kuma ba kowane gida ke da su ba. Ni da Malama muka riƙa ba da wayoyinmu bayan an tashi, rukuni-rukuni, wanda gaskiya ba tsari ne mai ɗorewa ba. Sannan na lura a rukunan da aka haɗa maza da mata, matan ke rubutu da zane, mazan ke fitowa magana. Ban ankara da wuri ba, sai ana saura kwana biyu na sa doka kowa sai ya faɗi wani abu ko da jimla biyu ce, kuma na raba makin gida uku, na kwali, na bayanin yadda ake aikin, da na hirar ɗan unguwa.

Ranar gabatarwa mun gayyaci iyaye da waɗanda aka yi hira da su, ba duka suka zo ba amma an samu kamar mutum goma sha biyar, aka shimfiɗa tabarmi a gaban aji. Kakar yarinyar nan ta zo da yumɓu a kwano, jikarta na bayanin Ladi Kwali ita kuma tana zaune tana murɗa yumɓun tana ɗora shi zobe-zobe, kafin a gama bayani bakin ƙaramar tukunya ya fito, yaran da suka yi dariyar kwali duk sun miƙe tsaye suna leƙe. Tsohon maƙerin ya zauna a gefe da hularsa a gwiwa yana jin yara suna ambaton sunansa a gaban jama'a, bai ce uffan ba har aka gama. Dattijo mai hatsi kuwa, da ɗansa ya kai wajen bayanin yadda ake gane gero mai kyau sai ya ɗan yi kuskure, uban ya ɗaga hannu daga kan tabarma ya ce Malam a ba ni dama in gyara masa, ya taso ya ɗebi gero a tafin hannu ya hura ya nuna. Da za su tafi ya kama hannuna ya ce Malam, in za a sake irin wannan a sanar da ni da wuri, akwai abokina mai jima, shi ma ya zo.

Na rubuta jima a jerin zango mai zuwa, tare da rini da ɗinki da tuƙin mota da yaran suka ce an manta. Gurbin shahararren maƙeri dai na bar shi a buɗe, malamin Hausa ya ce in an yi hutu zai shiga cikin birni ya zauna da dattawan maƙera ya ji ko akwai sunan da su suke ambata a tsakaninsu.